Ragowar Kwaɓi a Bayan Gidan Giya

Ku yaran yanzu da kuke cewa gini ɗora bulo ne a kan bulo, ina so wata rana in ba ɗayanku kurfi da guduma, in nuna masa bangon da yake ɗauke da rufi, in ce ya fasa mini ƙofa a ciki alhali mai gidan yana zaune a ɗakin yana cin tuwo. Tayar da sabon bango ba wani abu ba ne, ko jaki aka ba cokalin gini zai yi layi biyu kafin a gane shi. Taɓa tsohon bango shi ne aiki. Ba ka san wanda ya gina shi ba, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, ba ka san ko ranar da fushi ya fito daga gida ba. Ni kuwa akwai lokacin da duk Jos, in ana neman mai ɗauke ƙofa daga gaban gida ya mayar da ita baya, Sale Birkila na Dutse Uku ake aikawa a kira.

A hannun wani tsoho na koyi aiki, wanda ya yi zamani da kamfanonin kuza, shi ya gina wa Turawansu gidajen dutse. Baba Lebur muke ce masa, sunan ma'aunin da ke nuna ko gini ya karkace, don ko kwanon abinci aka ajiye masa a karkace sai ya gyara shi kafin ya sa hannu. Shekara biyu ban taɓa cokalin gini ba. Tankaɗe yashi, jiƙa bulo, ɗaukar kwanon kankare har tsakiyar kaina ta daina tsirar gashi. Zai yafe maka makara, zai yafe maka ƙarya, amma ba ya yafe wa wanda ya bar kwaɓi ya bushe a ƙasa. Cewa yake siminti in ya sha ruwa ba ya kwana, sai ka nemo masa wurin zama kafin rana ta faɗi. In an tashi aiki da ragowa, sai ya zagaya unguwa da kwano, ya liƙe wa wata tsohuwa bakin rijiya, ya gyara wa wani matakala, ba wanda ya roƙe shi. Duk wanda ya fito daga hannunsa da wannan cutar ya fito, kuma tawa ta fi ta kowa tsanani.

Shekarar da gwamnatin soja ta ce a tsuke bakin aljihu, aiki ya tsaya cak. Gine-ginen sabuwar jiha da muke ci a ciki duk aka dakatar, 'yan kwangila suka ɓace kamar ba a taɓa haifarsu ba. Na yi wata uku cokalina yana tsatsa a buhu. Masu sana'a ɗaya ne kawai aljihunsu bai tsuke ba, masu sayar da giya, don mutum in ya rasa aiki ƙishirwarsa ƙaruwa take yi.

To su ma da nasu ciwon kan. Sayar da giyar kwalba sai da lasisi, hukumar da ke ba da shi kuwa sau ɗaya take zama a shekara. Kafin ta zauna ana liƙa sunanka a allo, duk mai ƙorafi ya kawo, sannan duba-gari ya zo ya leƙa wurin. Akwai sa'o'in buɗewa, akwai na rufewa, akwai maganar makewayi da taga. Amma abin da ya fi kashe mutane shi ne awo: dole gidan giya ya yi nisa da coci da masallaci da makaranta, nisan da a tef ɗin duba-gari sai an shimfiɗa shi sau uku. A Jos kuwa, in ka jefa dutse bai faɗa a coci ba, to a masallaci ya faɗa. Masu giya suna da ƙungiya, da sakatare mai jakar takardu, suka yi ta kai koke a sassauta musu. Sun nemi a ƙara sa'o'i, aka ƙi. Sun nemi a rage awon, aka ƙi. Abu ɗaya suka samu: aka yarda a riƙa auna nisan ta hanyar da ƙafa take bi, daga ƙofa zuwa ƙofa, ba a miƙe ta saman rufin mutane ba.

Wannan 'yar sassaucin ita ta ciyar da gidana shekara biyu. Gida ba ya matsawa, amma ƙofa tana matsawa. In ƙofarka tana kallon coci, sai a toshe ta, a fasa wata ta baya, mai sha ya zagaya ta lungu, tef ya bi shi. A Dutse Uku aka sa mini suna birkilan 'yan kwalba. Wani malami a layinmu ya tare ni ya ce aikin nan da sauran magana. Na ce masa ni ƙofa nake ginawa, abin da ya shiga ta cikinta ba cokalina ne ya ɗauko shi ba. Bai gamsu ba, amma da damina ta kayar masa da katanga ni ya kira.

Aikin Madam Saratu a Anguwan Rukuba shi ne na takwas ko na tara. Mace ce doguwa, mijinta ya rasu a ramin kuza, ta yi shekara goma sha wani abu tana dafa burkutu a tsakar gidanta. Hayaƙin murhu ya cinye mata ido, kullum jajir, kullum da ƙyalle a hannu tana sharewa. A asibiti an gaya mata in ba ta bar wuta ba za ta makance. Shi ya sa ta sayar da gonar da ta gada a ƙauye da 'yan awakinta, ta gyara ɗakin gaba, ta sa aka yi mata benci da tebura, ta sayi firji mai kananzir, ta nemi lasisin kwalba. Komai ya cika, sai awo. Ƙofarta da ta cocin layin ko tef biyu ba su kai ba.

"Oga Sale," ta ce da ni ranar da na je dubawa, "ni ban da wani hanya. In shekara ɗin nan ya wuce ni, sai in koma wuta. Ka yi mini aiki kamar na 'yar'uwanka."

Na zagaya na auna da igiyata. Ta baya akwai lungu da ya bi ta gefen wani ƙaton dutse, ya fita fili, sannan ya dawo titi. Tef uku har da rarar taku goma sha wani abu. Na ce mata ta kwantar da hankalinta.

Bangon bayan nan na dutse da laka ne, an shafe fuskarsa da siminti, irin wanda yake ruɗin sabon shiga. Ka buga shi da ƙarfi, rabin ɗakin ya biyo ka. Sai da muka tokare rufin da katako huɗu, na zana ƙofar da gawayi, na fara da sama. Ana fara cire wurin linta ne, wato kankaren da ke riƙe saman ƙofa, dutse ɗaya-ɗaya da hannu, a ɗaura rodi, a zuba kankare, a bar shi kwana bakwai ana ba shi ruwa safe da yamma. Sai ya kama sannan a taɓa abin da ke ƙasa. Mai gaggawa yana fasa ƙofar tukun ya sa linta daga baya, irinsu ne ake tono su da shebur. Toshe tsohuwar ƙofa ma da nasa sirrin, don duba-gari yana ƙwanƙwasawa da sanda, in ya ji alamar an jera bulo ne don a cire bayan ya tafi, ka faɗi. Na saƙa sabon bulo cikin tsohon bango, na yi filasta, muka shafe da farar ƙasa. Wani tsohon mai shan burkutunta ya zo da rana tsaka, ya tsaya gaban bangon yana lalube, ya ce lallai yau ya fara da wuri.

Mu huɗu ne a aikin, dukanmu Musulmi daga Dutse Uku. Babban leburana Tanimu ya girme ni, mutum ne da ko linta na zubowa in lokacin salla ya yi sai ya ajiye kwano. Masallaci ya yi mana nisa a unguwar, don haka a rana ta farko ya ɗebi fasassun bulo guda shida ya jera su a filin bayan dutsen, ya fuskantar da su gabas, kamar yadda kowane ma'aikaci yake yi a kowane wurin aiki. Nan muke azahar da la'asar. Madam ma ita take ajiye mana ruwan alwala a bokiti, har ta hana karenta zuwa wajen.

Jerin Tanimu a karkace yake. Kullum in na yi sujada na ɗago, idona yana kan wannan karkatar, har ta fara shiga mini cikin salla. Ranar da muka gama filasta sai kwaɓi ya rage, kusan kwano uku, mai kyau, mai laushi. Na duba gidan Madam, ba sauran tsagar da ban liƙe ba. Sai ƙafata ta kai ni bayan dutse. Na ja igiya, na sa sikwaya ta daidaita kusurwa, na zaunar da bulon nan a kan kwaɓi, na ƙara layi ɗaya a sama. Da na ga akwai saura, na yi ɗan lanƙwasa a tsakiya wajen tsayuwar liman, na shafe shi sumul. Tanimu ya ce Allah ya ba da lada. Na ce amin, na wanke cokalina, muka tafi gida ina jin daɗin ban zubar da komai ba.

Tsakanin gama aikin da zuwan duba-gari sati shida ne. Ina can unguwar Congo-Russia ina juya wata ƙofar, sai ga saƙon Madam, wai in zo ko me nake yi.

Ban shiga gidan ba ta ja ni zuwa lungu. Na leƙa bayan dutse, sai na ga rumfa. Ginshiƙai huɗu na katako, kwanon rufi sabo fil yana ƙyalli, tabarmi uku, butoci a jere, har da rabin duro cike da ruwa. Ashe a gangaren wurin akwai masu fasa dutse da direbobin tifa da suke lodin tsakuwa, su ma masallaci ya yi musu nisa. Sun ga wuri a gine, an yi shi da lebur da sikwaya, suka ce wani bawan Allah ne ya yi sadaka. Daga mutum biyu aka koma sahu biyu. Daga sabuwar ƙofar Madam zuwa wurin, ko rabin tef babu.

"Wa ya sayi kwanon?" na tambaye ta.

"Bitrus," ta ce.

Oga Bitrus shi ne mai gidan giyar da ke saman titi, shi kaɗai ke da lasisi a wannan yankin, kuma shi ne mataimakin shugaban ƙungiyar da take kukan a sassauta doka. Mutum ne da ko cocinsu sai ranar Kirsimeti ake ganinsa, shi ma a bencin baya. Na same shi a kan kujera gaban shagonsa yana sakace haƙori.

"Oga Bitrus, yaushe ka musulunta ba mu zo walima ba?"

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Haba Oga Sale, Allah ɗaya ne. Na ga bayin Allah suna salla cikin rana, zuciyana bai iya ɗauka ba. Kai ka fara aikin kirki, ni na ƙarasa. Za mu raba lada."

Takardar ƙorafi ma ya riga ya sa an rubuta, da sunan wani ɗan'uwansa.

Da na dawo, Madam ba ta yi mini ihu ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta share ido ta ce, "Bulo ɗin naka ne. Siminti ɗin nawa ne. Fili ɗin ba na kowa ba ne. Kai ka sa, kai za ka cire. In ni na taɓa, ka san abin da za a ce."

Gaskiya ta faɗa. Na ce mata gobe da hantsi, lokacin da ba kowa, zan zo in kwashe.

Na zo da hantsin, guduma a cikin buhu. Aikin minti goma ne, na san inda zan buga sau huɗu komai ya tashi. Sai na tarar da wani dattijo yana share wurin da tsintsiya, Malam Audu, tsoho a cikin masu fasa dutse, yatsunsa duk a daddatse. Shi ya zama ladan, shi ya zama liman. Ya dubi buhuna, ya ga kan cokali ya leƙo, ya dubi hannuna.

"Ko kai ne birkilan da ya kafa mana wurin nan?"

Na so in ce ba ni ba ne, amma birkila ba ya iya musun aikinsa in ya yi kyau. Na ce ni ne.

Tsohon nan ya riƙe hannuna da nasa biyu. Ya ce shekara tara yana fasa dutse a gangaren nan, shi kaɗai yake salla a kan buhu, bai taɓa samun jam'i a ranar aiki ba sai yanzu. Ya ce kullum bayan la'asar suna yi wa wanda ya gina addu'a ba su san sunansa ba. Ya tambayi sunana da na mahaifina. Ya ga buhun da nauyi, ya ce ko na zo ƙara wani abu ne. Na ce na zo duba ko siminti ya kama. Na durƙusa na ƙwanƙwasa, ya kama kuwa, kamar ƙarfe. Ban samu hanyar tafiya ba har azahar ta yi, suka tura ni gaba. Na ja salla a cikin lanƙwasar da na yi da hannuna, guduma tana jingine a bayan sahu.

Na koma na ce wa Madam rushewar za ta jawo mata fitina, za a ce mai giya ta sa an rushe masallaci. Ta dube ni da jajayen idanun nan, ta san wannan rabin magana ne. Gaskiyar ita ce hannuna ne ya ƙi, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba a gaban mai aiki.

Na nemi ƙofa ta uku. Gefe ɗaya dutse ne da ko nakiya sai ta yi da gaske, ɗaya gefen bangon maƙwabci ne, mutumin kuwa dattijon coci. Na ce ko a gina doguwar katanga mai lanƙwasa a lungun, mai shiga ya yi ta zagaye kafin ya kai ƙofa. Muka auna, ko mutum zai yi ta juyi kamar jakin niƙa ba za a samu tef uku ba. Sakataren ƙungiya ya zo da jakarsa, ya ce zai kafa hujja cewa rumfa mara bango ba masallaci ba ce. Ya faɗi haka da Turanci mai yawa, Bitrus yana gefensa yana gyaɗa kai kamar abin ya dame shi.

Ranar awo duba-gari ya zo da kakinsa da sandarsa da mai ja masa tef. Ya ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, ya ce aiki ya yi. Ya duba linta, ya tambayi wanda ya zuba, ya ce zai neme ni a gidansa. Ya auna zuwa coci, tef uku da rara. Sannan ya zaro takardar ƙorafi, muka zagaya bayan dutse. Ya tambayi Malam Audu ko ana kiran salla a nan, ya ce ana yi. Ana jam'i? Ana yi. Kullum? Kullum, ban da Juma'a da suke tafiya cikin gari. Tsohon yana amsawa da murna, ya ɗauka gwamnati ce ta zo taimako, har ya roƙi a sa musu famfo. Duba-gari bai ma sa an warware tef ɗin duka ba.

"Madam," ya ce yana rubutu, "wallahi ni kaina na so wurin nan. Ya fi kusa da gidana, kuma giyar Bitrus ba ta sanyi."

Hukuma ta zauna, sunanta bai fito ba. Ƙungiya ta sa labarinta a cikin koke na gaba, na ji an ce bayan farar hula sun karɓi mulki an ɗan sassauta wa irin waɗannan rumfuna, wasu sun ci moriyar abin. Ita ba ta iya jira ba. Firji ba ya dafa tuwo, kuma 'ya'ya uku take ciyarwa. Ta sayar da gidan wa wani tela, ta shirya komawa ƙauye wurin yayarta, inda tukwanen burkutu suke jiranta.

Masallacin yana nan har gobe. An yi masa bango, an yi bene, an sa lasifika. Masallacin Sale Birkila ake ce masa, kuma duk azumi sai an aiko mini da gayyata a zaunar da ni sahun gaba. Ban taɓa gaya musu da me na zo a buhu ba.

Ranar da Madam za ta tashi na je na taya lodi, ni da Tanimu. Muka fito da bencin da teburan da ba wanda ya taɓa zama a kansu, ta sabuwar ƙofar, muka ɗora a a-kori-kura. Muna cikin ɗaure igiya Malam Audu ya kira la'asar a bayan dutse. Tanimu ya ajiye igiya ya tafi. Ni na tsaya, ban san inda zan sa fuskata ba. Madam ta shiga ciki ta fito da bokitin ruwa, ta ajiye a gabana kamar yadda ta saba.

"Je ka yi salla, Oga Sale," ta ce. "Tanimu ya ce mini a addininku, wanda ya gina masallaci, Allah zai gina masa gida a Aljanna. Haka ne?"

Na ce haka malamai suka faɗa.

Ta share idonta da ƙyallen, ta dubi ƙofar, ta dube ni.

"To in ka shiga, ka tuna da siminti na aka yi."